Mamman Nasir na Malumfashi: ɗan gidan Galadima da ya karanci dokar Turawa

Duk ɗan kasuwar Dogon Dutsi ko Tibiri da ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Funtuwa, neman masara ko dawa, ya ratsa garin Malumfashi. Gari ne madaidaici a kudancin ƙasar Katsina, ƙasar auduga da hatsi, wanda matafiyi ba ya daɗewa a cikinsa sai dai ya sha ruwa ya yi salla ya wuce. Amma shekara 27 cur, daga 1992 zuwa 2019, hakimin wannan gari mutum ne da ya riƙe ministan shari'a na Jihar Arewa tun zamanin Sardauna, ya zauna a Kotun Ƙoli ta Nijeriya, ya kuma shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasar shekara 14. Sunansa Mamman Nasir, Galadiman Katsina. Sai mai karatu ya lura tun daga nan: a Nijeriya hakimi shi ne kwatankwacin sarkin kanto a Nijar, yana da dagatai da masu unguwanni a ƙarƙashinsa, shi kuma yana ƙarƙashin sarkin yanka.

Labarinsa ya cancanci a ba da shi a wannan gefe na iyaka, domin matsalar da ya yi rayuwarsa a cikinta ita ce wadda kowane mai ƙara a ƙasar Hausa ya sani: ga shari'ar alƙali da ta sarki, ga kuma dokar da Bature ya bari a rubuce, talaka yana tsakani yana tambayar wacce za ta ci shi.

Gidan da ya fito

Sarautar Galadima daga Barno ta zo ƙasar Hausa. Can Galadima shi ne mai riƙon yammacin daula, mazauninsa Nguru. Mutanen Arewa ba za su yi mamakin wannan ba, tun da tarihin baka na ƙasarsu ya danganta asalin sarautarsu da Ari, ɗan Mai na Barno. A Katsina ta dauri Galadima yana cikin manyan fadawa huɗu masu zaɓen sarki, tare da Ƙaura da Ƴanɗaka da Durbi. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ci birnin Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, suka yi zaman hijira a Damagaram, daga bisani suka kafa Maraɗi, suka tafi da sunayen sarautun nan huɗu. Fulanin da suka karɓi birni su ma ba su yar da sunayen ba, sai suka raba su ga shugabannin jama'arsu. Shi ya sa Katsina biyu ta wanzu, kowacce da Galadimanta.

A ɓangaren Fulani, sarautar Galadima ta faɗa hannun Danejawa, zuriyar da ta samo sunanta daga fararen shanunta, domin a Fulatanci haka ake kiran farare. Malam Dudi shi ne Galadimansu na farko, aka ba shi riƙon ƙasashen kudu. Riƙo ne mai daɗi da wuya: ƙasa mai ruwa da albarkar noma, cike da garuruwan Maguzawa waɗanda ba su musulunta ba, kamar yadda Azna suke a ƙasar Arewa, kuma ƙasar da mayaƙan Maraɗi ke kai wa hari a tsawon ƙarni na 19. Da Ingilishi suka ci Katsina a 1903, suka tuɓe Sarki Yero a 1906 suka naɗa Durbi Muhammadu Dikko, sai aka shiga tsarin da ya tilasta wa hakimai barin birni su tare a ƙasashen da suke riƙo, don karɓar haraji da tsaron hanya. Ta haka Malumfashi ta zama mazaunin Galadima. Reshen gidan kuma yana Mahuta, inda hakimi ke riƙe da sarautar Danejin Katsina.

Sarki Dikko mutum ne mai hangen nesa. Ya gane da wuri cewa mulki ya koma ga takarda, kuma wanda bai iya takardar Bature ba wani zai riƙa karanta masa ita. A birninsa aka buɗe Kwalejin Katsina a 1921, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. A wurare da dama na ƙasar Hausa, a ɓangaren Faransa da na Ingila, sarakuna sun riƙa ɓoye ƴaƴansu suna tura ƴaƴan bayi da na talakawa lakwal, daga baya suka yi da-na-sani. Manyan gidajen Katsina da yawa sun tura nasu na cikinsu. A cikin irin wannan gida, gidan Galadima, aka haifi Mamman Nasir ranar 2 ga Yuli 1929.

Latin a Ibadan, doka a London

Ya yi karatun sakandare a Kwalejin Kaduna, wadda ita ce dai Kwalejin Katsina bayan an ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938, kafin a mai da ita Zariya ta zama Barewa. Ya gama a 1947. A wannan lokaci, duk faɗin Jihar Arewa, wadda ta fi rabin Nijeriya yawan jama'a, babu ɗan ƙasa ko ɗaya da ya zama lauya, wato aboka. Kudu kuwa tana da lauyoyi tun ƙarni na 19. Idan an je taron tsarin mulki a Ikko ko London, ƴan kudu su zo da masana dokarsu, ƴan Arewa su dogara ga Turawan gwamnati. Shugabannin Arewa suka ga wannan rami ne da za su faɗa ciki ranar da Bature ya tafi, sai suka zaɓi samari ƴan kaɗan aka tura su koyon doka.

Amma akwai shinge. A wancan lokaci makarantun lauyoyi na London ba sa karɓar wanda bai san Latin ba, harshen Rumawan da, wanda ba a koyar da shi a makarantun Arewa. Dole Mamman Nasir da ɗan garinsu Muhammadu Bello suka fara zuwa Kwalejin Jami'a ta Ibadan suka koyi wannan mataccen harshe. Abin dariya ne idan aka duba: ƴaƴan ƙasar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana yanke hukunci da Risala da Muhtasar na Halilu, sai sun haddace nahawun mutanen da suka shuɗe kafin a yarda su san doka. Suka haddace. Mamman Nasir ya shiga Lincoln's Inn, ɗaya daga cikin gidajen lauyoyi huɗu na London, aka rantsar da shi a 1955, shekarar da Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilori, wanda ake ƙirgawa lauyan farko na Arewa, shi ma ya gama. A 1956 ya dawo gida aka ɗauke shi lauyan gwamnati a Kaduna.

Abokin karatun nan nasa, Muhammadu Bello, shi ne ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Ke nan tsakanin 1987 da 1992 manyan kotuna biyu na ƙasar, ta ƙoli da mai bi mata, duk suna hannun Katsinawa biyu da suka koyi Latin a aji ɗaya.

Laifi ɗaya, hukunci biyu

Aikin da ya tarar a Kaduna aiki ne mai ƙaya. Ingilishi, saɓanin Faransawa, sun bar wa sarakunan Arewa kotunansu. Alƙalai suna hukunci da mazhabar Malikiyya, majalisar manyan sarakuna irin na Sakkwato, Gwandu, Kano da Katsina tana da ikon yanke hukuncin kisa, sai dai gwamna ya sa hannu. An hana yanke hannu da jifa tun farkon zuwan Turawa, sauran kuwa an bar shi. A gefe guda ga kotunan majistare masu aiki da kundin laifuffuka na Ingilishi. Sai ya zama laifi ɗaya yana da hukunci biyu, ya danganta da ƙofar da aka shigar da mai laifi.

Shari'ar da ta fasa ƙwan a maƙwabtan Arewa aka yi ta, a ƙasar Gwandu. Wani mutum mai suna Tsofo Gubba ya yi kisa cikin tunzura, majalisar Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa, domin a Malikiyya wanda ya kashe da gangan ana yi masa ƙisasi idan magada sun nema, fushi ba ya zama uzuri. A kundin Ingilishi kuwa, wanda aka tunzura har hankalinsa ya gushe ba a kashe shi, ɗauri ake yi masa. A 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin Gwandu. Sarakuna da malamai suka ga an taka shari'a, Turawa suka yi ta gyaran doka suna warwarewa, aka shekara goma ba a san matsaya ba.

Da ƴancin kai ya matso, maganar ta ƙara zafi. Kiristoci da masu addinin gargajiya na tsakiyar Nijeriya, da ƴan kudu mazauna sabon gari, suka kai kuka gaban kwamitin Willink a 1957 da 1958 cewa suna tsoron kotunan alƙalai. Ingila ta nuna ba za ta miƙa mulki ba sai an gyara. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato masana shida su ba da shawara: Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, shi ne shugaba, sai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na London, da ƴan ƙasa uku, Shettima Kashim Wazirin Barno, Peter Achimugu, da Malam Musa babban alƙalin Bida. Shawararsu ita ce a yi kundin hukunta laifuffuka guda ɗaya wanda zai hau kan kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, a bar wa shari'ar Musulunci aure da saki da gado da wakafi da sauran ma'amala. Aka ɗauko samfuri daga Sudan, wadda ita ma ta ɗauko daga Indiya, aka sa masa abin da zai kwantar da hankalin malamai, kamar hukunta Musulmi a kan shan giya da zina. Majalisa ta amince a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, jajibirin ƴancin kai. Shi ne abin da Hausawan Nijeriya ke kira Final Kod.

Ma'aikacin Nijar zai ga bambancin hanya. Faransa da alƙalami ɗaya ta soke shari'ar laifuffuka ta ƴan ƙasa a 1946, ta shimfiɗa kundinta a kan kowa, Nijar kuma ta yi nata kundin a watan Yuli 1961 bisa wannan tushe, aka bar al'ada da fiƙihu a maganar iyali da gado da gona, inda alƙalin gwamnati ke zama da mashawarta masana al'ada. A Arewacin Nijeriya abin ya zo ta ciniki da lallashi, domin sarakuna suna da ƙarfi, kuma jam'iyyar da ke mulki a kansu ta dogara.

Minista yana da shekara 32

A 1961 Sardauna ya naɗa Mamman Nasir ministan shari'a na Jihar Arewa. Ya shiga siyasa ke nan ta ƙofar NPC, Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda yake ba shawara a kan doka. Rubuta kundi abu ne mai sauƙi idan aka gwada da sa shi aiki. Alƙalan Arewa ɗaruruwa ne, mafi yawansu dattawa da suka yi karatun zaure, ba su jin Ingilishi, kuma suna ganin littafin nan bidi'a ce da aka ɗora a kan littattafan magabata. Aka fassara kundin da Hausa, aka riƙa kai alƙalai kwas a Makarantar Koyon Mulki ta Zariya rukuni rukuni. Aka kuma yi wata dabara: a shekarun farko ba a ce kundin ya ɗaure alƙali ba, an ce ya zama masa jagora, don kada a riƙa soke hukuncinsa saboda ƙaramin kuskuren tsari. Aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Kaduna, wadda Abubakar Gumi ya zama shugabanta a 1962.

A nan ne ake ganin amfanin asalin ministan. Da Bature ne ko ɗan kudu ya zo wa alƙalai da wannan littafi, da sun ce kafirci ne a rufe. Ɗan gidan Galadima kuwa ya san yadda ake tuɓe takalmi a zauren sarki, ya san yadda ake yi wa malami magana ba a kunyata shi gaban almajiransa ba. Gwamnati tana bukatar mutum mai harshe biyu, ta kuwa same shi.

Sai dai labarin yana da wani gefe da masu yabo ba su cika faɗa ba. Dokar ta hana lauya tsayawa a kotun alƙali ko ta sarki. Ƴan doka da gidajen kaso suna hannun hukumar gargajiya, wato En'e, En'e kuwa ta sarki ce, sarki kuma yana tare da NPC. Ɗan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano da ya yi lacca ba izini, ko aka ce ya zagi hakimi, sai ƴan doka su kama shi da safe, alƙali ya ɗaure shi kafin azahar, ba mai kare shi. Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga gidan kaso sau da yawa ta wannan hanya, ƙananan ƴan jam'iyya na ƙauye kuwa ba wanda ya ƙirga su. Sabon kundi ya canza sunan laifin da lambar sashe, bai canza hannun da ke riƙe da sanda ba. Dattawan Nijar da suka ga yadda aka yi da ƴan Sawaba ta Djibo Bakary bayan haramta ta a 1959 sun san irin wannan zamani, ko da yake a can jandarma da kumandan ne suka yi aikin.

Masu kare Mamman Nasir suna cewa kotunan nan ba a hannun ma'aikatarsa kaɗai suke ba, kuma gwamnatin Kaduna tana janye ƙarfin sarakuna ne sannu a hankali, har ta kai ga sauke Sarkin Kano Muhammadu Sanusi a 1963. Akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ya riƙe kujerar ministan shari'a shekara biyar a gwamnatin da ta ci moriyar wannan tsari ba zai fita wankakke sarai ba. Shi lauya ne, ya fi kowa sanin abin da rashin lauya ke jawo wa mutum.

Bayan Sardauna

Daren 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna, aka kashe Tafawa Ɓalewa a kudu, gwamnatin farar hula ta rushe. Ministocin Arewa suka watse, wasu suka koma gona, wasu kasuwa. Mamman Nasir yana da abin da sauran ba su da shi, wato sana'a. A 1967 aka kira shi ya zama daraktan gabatar da ƙararraki, kuma da aka yanka Arewa jihohi shida a watan Mayu na wannan shekara, ya zama babban lauyan gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta haɗa lardin Katsina da na Zariya. Ya riƙe aikin har 1975.

Abin da farar hula suka kasa, soja ya yi shi cikin ƴan watanni. Gwamnatin soja ta Arewa, ƙarƙashin Hassan Usman Katsina, wanda shi kansa ɗan Sarkin Katsina Usman Nagoggo ne, ta soma ƙwace kotuna daga hannun sarakuna. Daga 1968 aka soke majalisar shari'a ta sarki, kotunan alƙalai suka koma ƙarƙashin babban alƙalin jiha, aka kuma karɓe ƴan doka da gidajen kaso aka haɗa da na tarayya. Ƴaƴan sarauta da suka yi boko su ne suka zare wa iyayensu takobi daga kube.

A 1975, zamanin Murtala Muhammad, aka ɗaga shi zuwa Kotun Ƙoli. A 1976, da aka mai da jihohi 19, shi aka ba shugabancin kwamitin daidaita iyakokinsu, aikin da ya yi kama da rabon gona tsakanin ƴan uba, sai dai gonar ƙasa ce guda. A shekarar aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, ya bar kujerar ƙoli ya koma can, ya zama shugabanta a 1978 bayan rasuwar Dan Ibekwe.

Shekarar 1978 kuwa ita ce ta rikicin shari'a a majalisar tsara tsarin mulki. Wakilan Musulmi suka nemi a kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a matakin tarayya, aka ƙi, suka fice daga zauren a watan Afrilu. Sulhun da aka yi shi ne ƙararrakin da suka fito daga kotunan shari'a na jihohi su tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, da sharaɗin a samu aƙalla alƙalai uku a cikinta masana shari'ar Musulunci, uku kuma masana al'ada. Kayan da ƴan siyasa suka kasa ɗauka sai aka sauke su a ƙofar kotun da Mamman Nasir ke shugabanta. Rigimar gadon wata gona a ƙauyen Sakkwato da rigimar kamfanin mai a Fatakwal duk a rufi ɗaya suke ƙarewa kafin Kotun Ƙoli. Ya riƙe wannan kujera a ƙarƙashin Obasanjo, Shagari, Buhari da Babangida, har ya yi ritaya a 1992, Mustapha Akanbi ya gaje shi.

Rawani, da kiran Abacha

A wannan shekara ta 1992 Sarkin Katsina Muhammadu Kabir Usman ya naɗa shi Galadima, hakimin Malumfashi. Mutumin da manyan lauyoyin Ikko ke rusuna wa ya koma zaure yana sauraron rikicin iyakar gona, da ɓarnar shanu, da auren da ya ƙi daɗi. Kuma ya koma ne a matsayin basaraken da ba shi da kotu, ba shi da ɗan doka, ba shi da gidan kaso, saboda gyaran da tsaransa suka yi. Abin da ya rage wa hakimi shi ne sulhu da nauyin baki. Haka dokar sarautar gargajiya ta Nijar ta 1993, da wadda ta maye gurbinta a 2015, suka tsara wa sarkin kanto: ya sasanta masu jayayya, a rubuta takardar sulhu, wanda bai yarda ba ya wuce gaban alƙalin gwamnati.

Da ya tsaya a nan, da tarihinsa ya fi sauƙin rubutawa. Amma a 1994 Janar Sani Abacha ya kira taron tsarin mulki a Abuja, aka naɗa Mai Shari'a Karibi-Whyte shugaba, Mamman Nasir mataimaki. A cikin wakilai akwai wani Bakatsine, Shehu Musa Ƴar'aduwa, ɗan Mutawallin Katsina Musa Ƴar'aduwa wanda ya yi minista a gwamnatin NPC ta Ikko. Shehu da mutanensa suka tura taron ya yanke a watan Disamba 1994 cewa soja su sauka a Janairu 1996. A watan Maris 1995 aka kama shi da zargin juyin mulki, taron kuma ya janye wa'adin da ya sa. Shehu ya rasu a gidan kason Abakaliki ranar 8 ga Disamba 1997.

Bayan taron, Abacha ya ba Galadima shugabancin kwamitin da zai sa ido a kan shirin miƙa mulki ga farar hula, wanda aka ce zai kammala ranar 1 ga Oktoba 1998. Kowa ya ga inda shirin ya nufa: jam'iyyu biyar da aka yi wa rajista duk suka tsai da Abacha ɗan takararsu a watan Afrilu 1998, har Bola Ige ya kwatanta su da yatsu biyar na hannun kuturu. Mutuwar Abacha ranar 8 ga Yuni 1998 ce ta rufe shirin. Mutanen Nijar ba su bukatar a yi masu dogon bayani, tun da a cikin waɗannan shekaru ne, a Yuli 1996, aka rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'a a Yamai.

Me ya kai dattijo mai shekara 65, wanda ya gama samun duk girman da alƙali ke nema, ga wannan aiki? Tarbiyyar tsaransa ta ba da rabin amsa. An raine su a kan cewa idan hukuma ta kira, ana amsawa, kuma gara mutumin kirki yana ciki yana rage ɓarna da a bar wa ƴan iska wuri. Da wannan hujja aka yi wa Bature aiki, aka yi wa Sardauna, aka yi wa sojoji ɗaya bayan ɗaya, kuma sau da yawa ta yi amfani. A zamanin Abacha ba ta rage komai ba. Abin da mai mulki ke so shi ne sunan tsohon alƙali a saman takarda, ya kuwa samu.

Shekarun ƙarshe

Ya rayu har ya ga an warware ɗinkin 1960. Daga Zamfara a 1999, jihohin Arewa goma sha biyu suka dawo da hukuncin laifuffuka na shari'ar Musulunci a kan Musulmi, Katsina ta bi a 2000 ƙarƙashin Gwamna Umaru Musa Ƴar'aduwa, ƙanen Shehu. Sai dai ba a koma gidan jiya ba. An rubuta hukuncin ne a kundi mai sassa da lambobi, bisa ƙirar Final Kod, kuma yanzu lauya yana tsayawa gaban alƙali. Shari'ar Amina Lawal, wadda duniya ta ji, a kudancin Katsina aka fara ta, a kotun Bakori, maƙwabciyar Malumfashi, inda aka yanke mata hukuncin jifa a watan Maris 2002. Lauyoyinta Musulmi suka ɗaukaka ƙara, suka kafa hujja da littattafan Malikiyya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta ranar 25 ga Satumba 2003. A 1961 macen ƙauye irinta ba ta da wanda doka ta yarda ya tsaya mata.

A watan Maris 2008 Sarki Kabir Usman ya rasu, Galadima ya zauna tare da sauran masu zaɓen sarki, kamar yadda kakanninsa suka yi, aka fitar da Abdulmumini Kabir Usman. Mamman Nasir ya rasu a Katsina ranar 13 ga Afrilu 2019, saura wata uku ya cika shekara 90. Da aka zo cike gurbinsa, masarauta ta naɗa Saddiƙ Abdullahi Mahuta, daga reshen Danejawa na Mahuta, wanda shi ma lauya ne, kuma tsohon babban alƙalin Jihar Katsina.